An Kashe Ɗari Bakwai da Talatin da Ɗaya

A layin shagunan da ke kallon ƙofar kwaleji, tsakanin mai hoton takardu da mai gyaran agogo, akwai wani ɗan shago wanda ƙofarsa ba ta buɗuwa duka saboda tarin kwalin da ke bayanta. A nan Baba Saura yake ɗinkin littattafai. Ɗalibai su kawo masa takardun kammala karatu ya yi musu bango mai tauri, tsofaffi su kawo littattafan gado da suka warwatse ya haɗa musu. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: basilla, zare, tukunyar gam, wuƙar yankan takarda, sai wani matsi na ƙarfe da ya girmi duk 'ya'yansa.

Sunan Saura tun daga firamare ya bi shi. Duk lokacin da malami ya yi rabawa a allo, kafin ya ajiye alli sai yaron ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, saura nawa?" Yana aji shida mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya, wani kawunsa ya kai shi maɗaba'a. Shekara ashirin da biyu ya yi yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ya fi saurin karanta rubutu a juye da yadda mutane ke karanta shi a miƙe.

A can ne ya gamu da abin da ya zame masa jarabar rayuwa. An kawo wani littafin lissafi a buga, kuma doka ce mai jera haruffa ya duba kowane alƙalami sau biyu. A wani shafi marubucin ya yi maganar lambobin da ya kira cikakku. Ka ɗauki shida: ɗaya na raba ta, biyu na raba ta, uku na raba ta, in ka tara su ukun sai su dawo maka da shida cif. Ashirin da takwas ma haka. Saura ya bar aiki ya gwada a bayan wata takarda, ya ga gaskiya ne. Ya bi jerin da yatsa yana ƙasa, lambobin suna ƙara tsawo, har ya iso ta takwas, wadda ta cinye layi guda ita kaɗai: 2,305,843,008,139,952,128. Alƙaluma goma sha tara. Ya yi ƙoƙarin faɗinta da baki, harshensa ya rasa sunan da zai ba ta. Sai ya sa mata Giwa.

Da kwamfuta ta zo ta rufe maɗaba'ar, ya kama wannan shagon, Giwa kuma ta biyo shi. Ya ɗinka wa kansa wani littafi mai baƙin bango, ya riƙa rubuta halayenta kamar mai ba da labarin 'yarsa. Cika ce, ba mara ba. In ka tara alƙalumanta za ka samu saba'in da uku, ka tara bakwai da uku goma, ka sake tarawa ɗaya. Da za ka samu gwangwanaye adadinta, za ka iya jera su ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku a ƙasan waɗancan, har su ƙare ba ragi ba ƙari. Masu raba ta, ban da ita kanta, sittin da ɗaya ne, kuma ya tara su da hannunsa a wata uku suka dawo masa da ita.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Giwa haihuwar lambobi biyu ce, an buga wannan sau waccan. Ta farko ba ta da wuya, ɗaya ne aka yi ta ninkawa har sau talatin. Ta biyun, 2,147,483,647, ita ce littafin ya ce babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, kuma duk cikar Giwa a kan wannan maganar take tsaye. Ya sa mata Dutse. Masana sun tabbatar tun kafin a haifi kakansa, amma shi ya ce gani ya kori ji. Littafin ya nuna hanya: duk lambar da za ta iya fasa Dutse, dole in an cire mata ɗaya sittin da biyu ta raba ta ba saura, kuma ba sai an wuce dubu arba'in da shida da 'yan kai ba. Ya ƙirga masu wannan hali, ya samu ɗari bakwai da arba'in da bakwai. Kowace safiya, kafin gam ya yi zafi, sai ya ɗauki guda ya raba Dutse da ita. In ta bar saura, ya ja mata layi, ya rubuta a gefe: an kashe, da kwanan wata.

Matarsa, wadda kowa a gidan hayarsu ke kira Inna, ta daɗe da sallamawa. "Mazan mutane na kiwon kaji a ga ƙwai," in ji ta, "nawa giwa yake kiwo a takarda. Ranar da ta haihu, Malam, ka ɗan sam mana nono." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba. Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ta sha ce masa wayarta za ta gama masa wannan aikin kafin shayi ya huce. Ya ce to wayar ce za ta gani, ba shi ba.

Shekarar da abin ya faru gari a rikice yake. Wasu da ba a san ko su wane ne ba sun yi ta harbin jami'an tsaro a kan hanya, yau ɗaya, jibi biyu. Aka tsananta bincike. Wata Talata da hantsi, motoci biyu suka toshe layin kwaleji gaba da baya, aka ce kowa ya tsaya a ƙofar shagonsa hannu a kai. Saura ya tsaya yana jin yadda ake watsa kwalayensa a ciki. Bai damu sosai ba, don ya san ba shi da komai. Can sai ya ji hayaniyar ta tsaya. Shirun nan ne ya fara tsinka masa zuciya.

Wani dogon jami'i ya fito riƙe da baƙin littafin a buɗe.

"Tsoho, rubutun wa ye wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Lissafi ne."

Jami'in ya juya wa na bayansa shafin. Wancan ya karanta, ya ɗago ya dubi Saura, ya gyara riƙon bindigarsa. Mai gyaran agogo, wanda suka yi shekara goma sha ɗaya suna shan shayi a kofi ɗaya, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa har aka tura Saura cikin mota.

Aka kai shi wani gini mai doguwar katanga, aka karɓe hularsa da tabaransa da takalmansa. Kwana biyu ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Ɗakin da aka sa shi mutum tara ne a ciki, da bokiti ɗaya a lungu. Duk lokacin da aka taɓa sakata sai kowa ya daina numfashi, a kira mutum ɗaya, wani ya dawo yana ɗingishi, wani ba ya dawowa ɗakin, kuma ba mai tambayar inda aka kai shi. Saura ya yi ta bitar littafinsa a ka yana neman abin da suka gani. Da ya tuna abin da ya rubuta da babban baƙi a shafin farko, sai ya rarrafa wajen bokitin. In Dutse ya fashe, Giwa ta faɗi.

Rana ta uku da safe aka kira shi. Ofis ne mai tebur ɗaya da fanka da ba ta juyawa. Mutumin da ke zaune ba kaki a jikinsa, farar riga ce mai gajeren hannu, ga wani tabo da ya raba masa girar hagu biyu. Muryarsa a kwance take, kuma wannan ya fi ihu ban tsoro.

"Zauna, Baba. An ba ka ruwa?"

"An ba ni, yallaɓai."

"To madalla. Ba na son in wahalar da dattijo kamarka. Wace ce Giwa?"

"Lamba ce, yallaɓai."

"Lambar wa?"

"Ba ta kowa ba ce. Lamba ce kawai, ta lissafi."

Mai tabo ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Ya buɗe shafukan a hankali, yana lasar yatsa. "Mun kira wannan ta Dutsen, ba ta shiga. Za mu gano layin wace ƙasa ce. Amma bari mu bar wannan tukuna. Nan ka rubuta an kashe, an kashe, an kashe, kowanne da ranarsa. Yarana sun ƙirga, ɗari bakwai da talatin da ɗaya. A ƙarshe ka ce saura goma sha shida." Ya jawo wani hoto daga aljihun tebur ya ajiye a gaban Saura. Wani saurayi ne cikin kaki, yana murmushi. "Ba ka ganin nesa, ko? Matso da shi. Karanta min lambar da ke ƙirjinsa."

Saura ya kai hoton kusa da hancinsa. Uku, ɗaya, sifili, shida, uku.

Mai tabo ya juyo masa littafin, yatsansa a kan wani layi. 31,063. An kashe. Da rubutun Saura, da jan layinsa.

"Wata biyu ke nan da aka harbe shi a bakin gada. Ni na kai wa uwarsa kayansa. Kai kuma ka rubuta ka kashe shi tun wata bakwai kafin nan. Wato tun lokacin kuka yanke masa hukunci."

Saura ya ajiye hoton a kan tebur. Ya ji wani ɗumi na bin cinyarsa, ya gane fitsari ne, bai ma iya jin kunya ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Inna, yadda za a je a gaya mata, da Auta da za a kora daga aiki a riƙa nuna ta da baki. Ya ji an buɗe ƙofa a bayansa, wani ya shigo ya tsaya dab da kujerarsa, yana jin hucin mutumin a ƙeyarsa.

"Yallaɓai," ya ce da kyar, "don girman Allah, ka dubi lambar da ke ƙasanta."

"Ni kake ba umarni?"

"Wane ni. Roƙo nake. Ba na gani daga nan, amma dubu talatin da ɗaya da ɗari da ashirin da biyar ce. Ta samanta kuma dubu talatin da ɗaya da ɗaya. Tsakanin kowace da 'yar uwarta sittin da biyu ne, daga farkon littafin har ƙarshe. Ka buɗe duk inda ka so."

Mai tabo ya jawo littafin gabansa. Sannan ya duba shafin. Ya buɗe wani wuri can gaba, leɓɓansa na motsi. Ya sake buɗe wani can baya.

"Wayo ne," in ji na bayan kujera. "Oga, a ba ni shi minti goma."

"Tukuna." Mai tabo ya rufe littafin ya ɗora gwiwar hannu a kai. Ya turo farar takarda da guntun fensir. "Ka ce lissafi kake yi da lambar yaron nan. Yi shi a gabana. In abin da ka samu ya saɓa da na cikin littafin nan ko da ɗaya ne, na gama magana da kai, shi zai ci gaba."

Saura ya roƙi tabaransa, aka ce babu. Ya kwantar da fuskarsa kusan a kan takardar. Rabawar da yake yi kullum yana jiran gam ya yi zafi, yau ga ta ta zame masa siraɗi. Bakwai ɗin da ya fara rubutawa ta fito kamar ɗaya, ya goge da yatsa ya sake. Ya rubuta Dutse daga ka, alƙaluma goma. Shida ta shiga, ya ɗebe. Tara ta shiga. A mataki na uku kansa ya ɗauke ɗif, ya rasa ko ya sauko da alƙalami na gaba ko bai sauko da shi ba. Zufa ta ɗiga a kan takardar. Wani tunani ya zo masa wanda ya fi duka muni: in a wancan karon ne ya yi kuskure fa? In yau ya yi daidai, littafin ne ya yi ƙarya? Ya tuna safiyoyin da ɗalibai ke tsaye a kansa suna gaggawa, da ranar da zazzaɓi ke jikinsa amma ya ƙi tsallake aikin. Bai san ko wannan lambar a irin waɗannan ranakun ta faɗo ba.

Ya koma farko. Na bayansa ya yi tsaki. Ya bi a hankali yana faɗin kowane mataki a ƙasan maƙoshi kamar ɗan aji uku.

"Dubu sittin da tara da ɗari da talatin da uku," ya ce daga ƙarshe. "Ya bar dubu biyar da ɗari biyu da sittin da takwas."

Mai tabo ya buɗe littafin, ya nemo layin, ya ɗora takardar a gefensa. Saura ya rufe ido. Ya ji ƙarar maɓallan kalkuleta, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Shiru. Aka sake dannawa.

"Wannan Giwar taka ma ba ta shiga cikin injin," in ji mai tabo, kamar abin ya ba shi haushi. "To me za ka samu in ka gama?"

"Ba komai, yallaɓai. In sani kawai."

"Ka san me?"

"Cewa ba ta rabuwa."

"Shekara nawa kana wannan?"

"Uku, ban da na baya."

Mai tabo ya jingina da kujera ya shafa tabonsa. Bai yi dariya ba, bai kuma ba da haƙuri ba. Ya ɗauki hoton saurayin ya mayar aljihun tebur a hankali. "Iya lissafi ba ya wanke mutum, Baba. Masu shirya irin wannan aikin ma sun iya lissafi. Mayar da shi."

Kwana huɗu ya ƙara a ɗakin nan, bai san ko ya tsira ko bai tsira ba. A waje kuwa, Inna da Auta kullum suna gindin katangar tun safe har rana ta yi sanyi, ana ce musu babu mai irin wannan suna a ciki. Auta ce ta je ta durƙusa wa wani malamin lissafi na kwalejin, wanda Saura ya taɓa ɗinke wa littattafai. Mutumin ya ji tsoron zuwa da kansa, amma ya rubuta takarda ya buga hatimi, ya ce lambobin sanannu ne, suna cikin littattafan karatu. Ko takardar ce ta yi aiki, ko ɗakin ne ya cika ana neman wuri, har yau ba wanda ya sani. Ranar Litinin da azahar aka miƙo masa takalmansa da hularsa. Tabarau ya ɓata. Littafin kuma aka ce shaida ne, ya zauna.

"Ba a rufe maganarka ba," in ji mai tabo a bakin ƙofa. "Duk Litinin ɗin farkon wata ka zo ka sa hannu. Ranar da ba ka zo ba, mu za mu zo."

Da Inna ta gan shi ba ta yi kuka ba. Ta kama hannun rigarsa kamar mai riƙe yaro a kasuwa, ba ta sake shi ba har gida. Sai da ta zuba masa ruwan wanka, ta ga yadda wandon ya bushe a jikinsa, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ya koma shago bayan mako biyu. Mai gyaran agogo ya zo ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce, "Wallahi, Saura, ina da yara ƙanana." Saura ya ce ya sani, ya matsa masa benci. Amma ɗalibai sun ragu, don labari ya zaga cewa an samu sunayen matattu a shagonsa. Lambobi sha shidan nan da suka rage bai taɓa su ba. Auta ta sayo masa sabon littafi da biro, ya ce ta mayar. Ko lambar waya aka ce ya rubuta wa mai kawo aiki, sai ya miƙa wa mutumin biron ya ce ya rubuta da hannunsa. In mota ta rage gudu a layin, basilla na tsayawa a hannunsa har sai ta wuce.

Wata takwas yana zuwa sa hannu. A na tara ya tarar an yi wa mai tabo canjin wurin aiki. Wanda ke kan teburin ya bincika rajista sama da ƙasa bai ga komai ba.

"Baba, wa ya ce ka riƙa zuwa?"

"Yallaɓai mai tabo a gira."

"Ya tafi. Kai ma tafi, kada ka sake zuwa."

Wata na zagayowa sai ga shi a bakin ƙofa, ya yi wanka ya sa hula. Aka kore shi. Wani watan ma ya dawo, don ya ce wanda ya kore shi da baki gobe yana iya cewa bai faɗa ba. A karo na uku wata ma'aikaciya mai buga takardu ta ji tausayinsa, ta rubuta layi biyu cewa ba a nemansa, ta sa aka buga hatimi. Ya naɗe takardar a leda, tana aljihun ƙirjinsa har yau, ko masallacin layi zai je.

Shekara huɗu ke nan. Gari ya lafa, ɗalibai sun dawo, sababbin ma ba su san labarin ba. Sai dai duk Litinin ɗin farkon wata shagon a rufe yake. Baba Saura na gida, zaune a bakin gado da hularsa da takalmansa a ƙafa, kunnensa na waje. Inna tana ta aikinta a tsakar gida, ta kan kuma hana yaran maƙwabta buga ƙofa. Sai rana ta take tsaka sannan ya sunkuya ya cire takalman, ya ce a kawo masa abinci.